Titin 'Yan Garuwa

Amal da Faisal, wannan babin naku ne, don na gaji da yadda kawunku Mansur yake ba ku labarin. Shi a wajensa magana ɗaya ce: an miƙo wa babanku Turai ya ce ba ya so. Yau ya ce sanyi na ji tsoro, gobe ya ce mamanku ce ta riƙe min ƙafar wando. Duk ba haka aka yi ba. A waya nake rubutawa, cikin mota, kafin a gama min lodi, don haka in kun ga na yi sauri a wani wuri ku yi haƙuri. Kuma da Hausa na rubuta da gangan. Wanda bai gane wata kalma ba ya je ya tambayi kakansa, ya ga ko zai sha da daɗi.

Shekarar da nake magana ita ce lokacin da aka farfasa rabin titunan Riyad ana aikin jirgin ƙasa. Hanyar da ka bi da safe, da yamma ka tarar an toshe ta da jajayen robobi an ce ka zagaya. Ni kuma lokacin sabon ango ne, ina tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, wadda mu direbobi muke ce wa Safarat kawai. Matar da nake tuƙawa sunanta Madam Irina, 'yar Romaniya, tana aiki a ofishin jakadancin ƙasarsu. Lokacin mata ba su fara tuƙi ba, don haka ko kantin magani za ta sai da ni. Aikin akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. Mota mai sanyi, unguwa shiru, ga itatuwan dabino a jere, ga masu gadi duk sun san fuskata, kafin in sauke gilashi sun ɗaga sanda. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, sai mahaifinta da ta taho da shi daga Bukares, babban birninsu, saboda matarsa ta rasu kuma ba mai duba shi. Sunansa Anton. Ni Baba nake ce masa. Injiniya ne a da, ya yi aiki a Libiya da Iraƙi, don haka yana da Larabcinsa na 'yan aiki da ɗan Turanci, da su muke hira. Dogo ne, siriri, kullum cikin kwat da malfa ko da rana tana narka kwalta. Matsalarsa ɗaya, ƙwaƙwalwa ta fara zuba. Abin da ya ci da safe ya tafi, amma abin da ya faru yana ɗan yaro yana nan daram.

Wata rana da la'asar ina goge mota sai ga shi ya fito da malfarsa, ya buɗe gaba ya zauna, ya ɗaura bel da kansa.

"Yalla, direba. Kai ni gida."

"Baba, ai gida muke."

"Wannan otal ne. Gida na ce."

Ya faɗi sunan wani titi da yarensu. Na sa ya maimaita, na buga a taswirar waya yadda kunnena ya ji, babu. Na canza harufa, babu. Muna cikin haka Madam ta fito ta leƙa ta taga, ta yi masa magana da yarensu, a hankali amma ba wasa. Daga baya ta gaya min abin da ta ce: nan Riyad ne, Mama ta rasu, kuma babu wani titi mai wannan sunan yanzu. Tsohon nan ya cire malfa ya ɗora a gwiwa, ya dube ta kamar yau aka fara gaya masa. Kuma a wajensa yau ɗin ne. Ranar bai ci abinci ba. Mai aikin gidan ta ce min ai kusan kullum haka ake yi, ya tambaya, a gaya masa gaskiya, ya yi sabon zaman makoki.

Ba wai Madam muguwa ba ce. Su haka suka taso, ba a yi wa uba ƙarya. Mu kuma a gidanmu a Gusau ba a ce wa tsoho ba haka ba ne. In kakata ta ce a kira mata ƙanenta da ya rasu tun kafin a haife ni, sai a ce to Inna, a fita tsakar gida a ɗan jima, a dawo da kunu. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, haka na ga ana yi. Don haka washegari da ya sake shiga mota, Madam tana ofis, sai kawai na tayar.

"To Baba. Amma ni baƙo ne a garin nan, sai ka nuna min hanya."

Ku ga yadda ya gyara zama. Ya ce miƙe, na miƙe. Ya ce dama, na yi dama. Da muka iso shataletalen nan mai feshin ruwa sai ya bugi gaban mota da yatsa ya ce ga rijiyar, daga nan titin ya fara. Daga nan ya shiga jero min su. Ga mai burodi a dama, wanda matarsa take ba yara gutsuren da ya ƙone. Ga wanzami, maƙaryaci ne amma hannunsa da laushi. Ga mai gyaran agogo da ba ya gaisawa da kowa. Ga coci mai koren rufi. Ga gidan 'yan mata uku, ta tsakiyar ce ya aura. Ni abin da nake gani katangun ofisoshin jakadanci ne da tutoci da rumfar masu gadi, shi kuma yana ɗaga malfa yana gaisuwa. Wani mai gadi ɗan Sudan ya ɗaga masa hannu, Baba ya ce min ka gani, wanzamin ke nan, kar ka yarda da maganarsa. Muka zagaya muka dawo ƙofar gidan Madam, na ce mun iso. Ya sauka ya ce na iya tuƙi, ya shiga ya ci abincinsa tas.

Haka muka riƙa yi kullum da la'asar. Na haddace titin nan fiye da layin gidanmu. In ya manta wani shago ni nake tuna masa, ya ce ashe kai ɗan unguwa ne, ɗan gidan wa? Da Madam ta gane, bayan kwana biyu sai ta shiga baya ta ce a je da ita. Har muka dawo fuskarta tana wajen taga.

Ranar da kansa yake garau, don yana da irin waɗannan ranakun, na tambaye shi ma'anar sunan titin. Ya ce tun kafin a ja famfo a birnin, akwai rijiya a bakin titin mai ruwan daɗi. Masu sayar da ruwa nan suke cika ganguna a kan keken doki, su bi gari suna kira, mata su fito da bokitai. A titin suke kwana, a nan suke ɗaure dawakinsu, shi ya sa aka sa masa sunansu. Na ce Baba, ai 'yan garuwa ke nan. Na yi masa bayanin namu na gida, masu gwangwani biyu a sanda da masu kura. Ya yi dariya har da tari. Ya ce da famfo ya zo sana'ar ta mutu, sai hukuma ta ga sunan bai dace da babban birni ba, aka cire allon aka sa sunan wani janar na sarki. Da aka kori sarki, masu jar tuta, wato 'yan gurguzu, suka hau, suka cire janar suka sa sunan wani ɗan jam'iyyarsu. Da su ma suka faɗi aka cire shi aka sa sunan wani likita. Ya ce mahaifiyarsa, a iya rayuwarta, ta canza adireshi sau biyu ba ta taɓa matsar da gadonta ba.

"To ku wanne kuke kira?"

"Allo na hukuma ne," in ji shi. "In ka shiga tasi ka faɗi sunan janar, direba zai tambaye ka ina ne. Ka ce Titin 'Yan Garuwa, ka kwanta ka yi barci."

Ranar Juma'a na kai labarin gidan kakanku Malam Idi, mahaifin mamanku, inda muke haɗuwa cin abinci bayan masallaci. Kun san shi yanzu da carbi da kujerar roba, amma kafin ya zo ƙasar nan, da ya baro Maradi yana saurayi, garuwa ya yi a Kano. Har yau kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Da na gama sai ya ajiye cokali.

"Nasiru, tsaya. Turawan ne suka yi garuwa?"

"Su fa, Baba. Har da titinsu."

"Titi guda, da sunansu a allo?"

"An cire allon, amma sunan ya zauna."

"To mu da muka shayar da rabin Fagge ko lungu ba a ba mu ba."

Mansur ya ce ai sai a rubuta wa hukumar Kano a nema masa, Malam Idi ya ce shi da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi waya nauyi ba ya rufe masa baki. Tun daga ranar duk Juma'a sai ya tambaye ni ya mutumina na Titin 'Yan Garuwa. Har dabino ya taɓa ba ni in kai masa. Ba su taɓa ganin juna ba.

Ana nan sai wa'adin Madam ya ƙare, aka ce ta koma gida. Lokacin mamanku tana da cikinki, Amal, ya fara nauyi. Madam ta kira ni falo, abin da ba ta saba ba, ta ce in zauna. Ta buɗe taswira a wayarta ta nuna min titin da sunan likitan. Gajere ne ƙwarai. Ta ce rabinsa ke nan. Ɗaya rabin, tun tana yarinya shugabansu na lokacin ya sa aka rushe unguwar don a yi wata ƙatuwar hanya, rijiyar da cocin da gidan da aka haifi babanta duk suna ƙarƙashin kwalta. Ta ce a Riyad in ya nemi gida akwai inda ake kai shi. A Bukares kuwa zai leƙa taga ya gane garin, ya nemi titinsa, kuma babu. Ta gwada yi masa zagayen da kanta bai karɓa ba, don ya san ita 'yarsa ce, kuma ita take ce masa babu.

"Nasir, kai kaɗai ka san titin nan yanzu. Ka zo mu tafi. Zan yi maka takardu, akwai ɗaki, aikin shi ne wanda kake yi."

"Iyalina fa, Madam?"

Ba ta yi min ƙarya ba, wannan halinta ne. Ta ce ni kaɗai za ta iya ɗauka yanzu. Daga baya wataƙila, amma ba ta yi alkawari ba. Mamanku kuwa a nan aka haife ta, takardunta a ɗaure suke da na mahaifinta, ko Maradi ba ta taɓa gani ba. In na fita na bar iƙamata, wato takardar izinin zamana, dawowa ba a hannuna take ba.

Ina so in tafi. Wannan ku riƙe shi, don Mansur ba ya faɗa. Ina son in ga garin, ina son fasfona ya ɗauki wannan hatimin, kuma ina jin tsohon nan har raina. Na riga na fara duba kayan sanyi a waya.

Juma'ar da ta biyo aka baje maganar a kan tabarma. Mansur ya ce in ban je ba shi a ba shi, zai koyi titin a kwana ɗaya. Surukata ta ce a yi istihara. Mamanku, da kuke ji ana cewa ita ta hana, ita ce ta fi kowa tura ni.

"Ruh, ya Nasir, ka tafi. Ni ina gidan ubana, me zai same ni? Irin wannan ba ta zuwa sau biyu."

"In kika haihu fa?"

"Sai in turo maka hoto. Halas, shi ke nan."

Ta faɗa tana kwashe kwanuka, ba ta kalle ni ba. Aka kawo shayi. Sannan Malam Idi ya ce in zo in taya shi duba tayar motarsa. Muka fita, tayar lafiyarta ƙalau. Ya jingina da motar.

"Ba zan ce ka je ba, ba zan ce kar ka je ba. Ni damina biyu na ce wa tsohuwata zan yi. Da na samu komawa, ita tana ƙasa, layinmu an yi masa kwalta an sa masa lamba. Wani yaro na tare na tambaye shi gidan Malam Habu, gidan ubana ke nan. Ya ce min Alhaji daga ina?" Ya shafa kafaɗarsa. "Yaron nan ɗan ƙanena ne."

Muka koma ciki muka sha shayi. Ni dai daga wannan tsayuwar na san ba zan je ba, amma sai da na yi kwanaki ina jan ƙafa kafin na iya gaya wa Madam. Ta ce ta fahimta. Ta gode min, ta rubuta min takardar shaida mai kyau. Amma daga ranar ta koma zama a baya tana duba wayarta, hira ta ƙare. Ban ga laifinta ba. Ubanta na bari.

Ni na kai su filin jirgi. Baba ya sha kwat da malfa, yana ta murna, don an ce masa gida za a. A hanya aka karkatar da mu saboda aikin jirgin ƙasa, ya ce min kar in damu, bayan wannan kwanar akwai wata 'yar hanya ta bayan coci. Da na sauke jakunkuna ya kama hannuna da hannu biyu ya ce gobe da la'asar kar in makara. Na ce to Baba.

Wanda ya maye gurbin Madam ya zo da direbansa. Na yi ta yawo da takardar shaida a Safarat, kowa ya karanta ya ce madalla, ba gurbi. Ƙarshe wani kafili, wato ubangidan da yake tsaya wa baƙo a takardu, ya karɓe ni, na koma jigilar kayan gwari daga kasuwar Al-Aziziya zuwa gidajen abinci, a motar da na'urar sanyinta sai ta ga dama. Na tashi daga mai gaisawa da jakadu na koma mai warin albasa. Ba a jima ba ma aka ba mata izinin tuƙi, irin aikina na da ya ƙara wuya. A cikin wannan aka haife ki, Amal, kuma ina tsaye a barandar asibitin, ni na yi miki kiran salla a kunne. Kai kuma Faisal ka zo ka tarar da mu a haka.

Bayan wasu watanni da tafiyarsu, ina kasuwa da hantsi ana loda min tumatir, sai waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Madam ce. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce suna cikin tasi a Bukares, daga asibiti suke, Baba ya faɗa wa direba sunan titin, direban yaro ne, ya ce bai taɓa ji ba. Yanzu Baba yana ƙoƙarin buɗe ƙofa mota tana tafiya. Ina jin muryarsa a baya, sama-sama, ban taɓa jin sa haka ba. Ta ce za ta sa ni a lasifika.

Na toshe ɗaya kunnen da yatsa saboda masu gwanjo, na shige tsakanin motoci biyu.

"Baba, direba ne. Yi haƙuri na makara. Rufe ƙofar mu tafi."

Sai na ji ƙofa ta rufu.

"Ga rijiyar nan mun wuce. Ka ga mai burodi a dama? Yau ma matar ta ƙona."

"Kullum sai ta ƙona," in ji shi.

Na bi da shi titin gaba ɗaya. Wanzami, mai agogo, coci, gidan 'yan mata uku. Madam tana gaya wa direbansu inda zai bi da yarensu, ƙasa-ƙasa, ni kuma ina jan tafiyar, ina tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa don kar in riga su isa. Mai lodina, wani ɗan Damagaram, ya zo ya tsaya da kwali a ka yana kallona ina nuna dama da hagu a tsakiyar kasuwa. Can Madam ta ce sun iso, na ce Baba mun iso, a sauka lafiya.

Na ji yana tambayarta wani abu, ta amsa, ya sake tambaya. Ta dawo kan wayar.

"Ya ce wannan ya san hanya. Yana tambaya wane ne."

"Me kika ce masa?"

"Na ce Nasir ne, na Riyad. Ya ce bai taɓa zuwa Riyad ba."

Na ce ta ce masa ɗan unguwa ne. Ta faɗa masa, na ji ya ce a gaida mutanen gida. Ta ce za ta sake kira in an shiga irin wannan, na ce ko yaushe. Ba ta sake kira ba, ni kuma ban iya na kira na tambayi dalili ba.

Ɗan Damagaram ya ce Malam, a sa sauran a gaba ko a baya? Na ce a baya. Na shiga mota na kai wa mutane tumatirinsu.